Yini Guda a Bakin Ruwan Lagdo

Wanda bai taɓa yin bazara a Garwa ba, da wuya ya gane abin da zai sa mutum mai hankali ya kwashi iyalinsa da kuɗin cefanen mako guda ya tafi kallon ruwa. Garin yana kwance ne a kwarin kogin Binuwai, duwatsun Tingilin suna tsare da shi ta arewa. A watan Maris da na Afrilu zafi yakan wuce awo 40. Da tsakar rana ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa. Da dare kuwa mutane sukan yayyafa wa tabarma ruwa su kwanta a tsakar gida, kafin barci ya zo ta riga ta bushe.

Bazarar 2021 ta fi sauran wuya, gama an yi ta ɗauke wuta. Daminar da ta wuce ba ta cika tafkin Lagdo ba, daga can kuwa wutar lantarkin arewacin Kamaru take fitowa, tun daga Ngaundare har Marwa. Sai aka shiga rabon wuta unguwa unguwa, yau a ba waɗannan, gobe a ba waɗancan, wani lokaci kuma sai tsakar dare take zuwa.

A unguwar Yelwa akwai wani mai walda wanda wannan abu ya taɓa shi ƙwarai. Iyayensa mutanen wajen Yola ne, saboda haka Hausa ake yi a gidansu, ko da yake a kasuwa Fulatanci ne, a makarantar yara kuma Faransanci. Tela yana iya komawa keken ƙafa in an ɗauke wuta, kafinta ya ɗauki zarto, amma mai walda sai zama. Haka yakan zauna a bakin shago, ƙofofi da tagogin mutane jingine a bango rabi da rabi, masu su suna zuwa suna yi masa magana mai zafi.

A bangon shagon akwai kalanda wadda wani dillalin ƙarfe ya raba da sabuwar shekara, da hoton bakin teku na Kiribi a jiki: farin yashi, itatuwan kwakwa, da ruwa shuɗi har iyakar gani. Autarsa, 'yar shekara shida, ita take kawo masa abincin rana tare da yayarta, kullum kuwa sai ta tsaya gaban hoton nan. Ran nan ta ce, "Baba, yaushe za ka kai mu teku?" Da a ce ranar aiki ce, da ƙarar inji ta haɗiye tambayar. Amma shagon shiru yake, tambayar kuwa ta zauna masa a rai.

Daga Garwa zuwa teku ba tafiyar talaka ba ce. Sai an shiga mota zuwa Ngaundare, fiye da kilomita 250, a kwana cikin jirgin ƙasa zuwa Yawunde, sa'an nan a sāke neman wata mota zuwa Kiribi. Amma akwai Lagdo, wanda bai kai kilomita 70 ba, ana zuwa a komo a yini guda. Shi kansa a Garwa aka haife shi, shekararsa talatin da takwas, bai taɓa zuwa ba. Haka abin yake ga yawancin mutanen gari. Baƙi da manyan ma'aikata su ne masu zuwa shan iska can, talaka kuwa yana cin kifin Lagdo, yana kunna wutar Lagdo, bai san kamannin wurin ba.

Da ya kawo maganar da dare, uwargida ba ta ɓoye ra'ayinta ba. Ta ce, "Maigida, yau kwana nawa rabonka da aiki? Ga kuɗin makaranta yana tafe." Ta yi shiru kaɗan, sa'an nan ta faɗi abin da yake ranta na ainihi. "Ruwan da ya kore mu da tsakar dare, shi za mu biya kuɗi mu je mu gaishe shi?"

Tana da dalili. A daminar 2012, sa'ad da tafkin ya cika aka buɗe ƙofofin madatsar, ruwa ya shiga unguwannin Garwa na kusa da kogi, ya kuma wuce ya yi ɓarna a Nijeriya tun daga Adamawa har Lakwaja. A lokacin suna haya ne a gefen kogi. Ta fita da yarinya goye, da yaro ɗan shekara biyar a kafaɗa, ruwa har ƙugu, cikin duhu. Katifa da buhun masara da kwanonin aurenta duk suka tafi. Tun daga ran nan ko gadar Binuwai ba ta son hayewa.

Mai walda bai yi gardama ba. Ya ɗauko asusunsa, wani gwangwanin ƙarfe da ya like bakinsa da walda da hannunsa don kada ya riƙa taɓawa, ya sa kurfi da guduma ya fasa. Suka ƙirga tare a hasken tocila. Ya isa kuɗin motar mutum huɗu zuwa da komowa, in an ɗauki auta a cinya, da ɗan ragi na soyayyen kifi da lemon kwalba.

Sai ga murya daga ƙofar ɗaki. Mahaifiyarsa ce, wadda yara suke ce wa Kaka, kowa yana tsammani ta yi barci. Ta ce, "Ku lissafa da ni."

Wannan ya ba su mamaki, gama tsohuwar ba ta zuwa ko'ina sai sujada da gaisuwar rashin lafiya. Ɗanta ya san dai iyayensa sun taɓa zama wajen Lagdo kafin a haife shi, amma ba a taɓa yin hirar a gidan ba, shi kuma bai taɓa tambaya ba. Mace ce mai kamewa, mai riƙon al'adun dā, sai dai abu ɗaya da maƙwabta suke yi mata ba'a a kansa: tana kiran sunan ɗanta gatsau a gaban mutane, kamar ba ta san kunyar ɗan fari ba. In an tsokane ta sai ta yi murmushi kawai. Aka sāke lissafi. Lemon kwalba ya fita, uwargida ta ce za ta yi zoɓo. Da wannan aka gane ita ma za ta.

Suka tashi ranar Asabar ta bayan Ista, ana saura 'yan kwanaki Musulmi su kama azumi. Tun da asuba aka dafa shinkafa da wake, aka ƙulla yaji a takarda, aka cika jarka da ruwan sha aka naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu, gama babu ƙanƙara a unguwar da ba wuta. Maigida ya yi gajeriyar addu'ar tafiya a tsakar gida. Ƙarfe shida suna tasha.

Mai karatu ya san motar haya ba ta da agogo, cikarta shi ne lokacinta. Yaron mota ya rantse saura mutum biyu, alhali rabin waɗanda suke zaune ciki abokansa ne da aka sa su cika ido, suna zamewa ɗaya ɗaya in fasinjan gaske ya zo. Aka yi ciniki mai tsawo a kan yarinyar tsakiya, 'yar shekara goma sha ɗaya. Yaron mota ya ce ta yi girma da zaman cinya, uwarta ta ce a duba ƙafafunta ko sun kai ƙasa. Aka shirya a kan rabin kuɗi, ta zauna bisa jarka. Rana ta fito, ta hau, inuwar dogon yaro ta janye daga kan motar. Sai wajen ƙarfe tara direba ya tashi daga wurin mai shayi.

Yawancin fasinja ba masu yawon shan iska ba ne. Akwai mata masu fataucin kifi da kwanduna da kwalaye wofi, waɗanda warin banda ya riga ya kama su. Akwai wani da farfelar injin jirgin ruwa a cinya wadda ya kawo gyara, da ɗalibai biyu, da wani Bafulatani mai buhun gishirin shanu. Da suka ji abin da ya fito da wannan iyali, sai dariya ta tashi. Wata babbar mace daga cikin masu kifin, mai Hausar kasuwa, ta juyo ta ce wa uwargida, "'Yar'uwa, mu muna zuwa nema, ku kuna zuwa kashewa. To, ku dai riƙe wannan: motar ƙarshe tana tashi da la'asar sakaliya. Direbobi ba su son hanyar nan da dare."

Da aka hau gada, auta ta miƙe ta leƙa. Binuwai ya janye ya bar tudun yashi, ruwan yana bin gefe kamar tsohon da ya gaji, masu wanki sun shanya kaya, masu ɗiban yashi suna lodi. Ta ce, "Baba, shi ne wannan?" Ya ce a'a, da saura. Uwargida ta sunkuyar da kai har aka sauka. Dā can, a 'yan makonnin da kogin yake cika, jiragen ruwa sukan hawo daga Nijeriya har tashar Garwa su kwashi auduga da gyaɗa. Wannan ya daɗe da wucewa.

Aka kama hanyar Ngaundare, tsakanin gonakin auduga da aka riga aka girbe, sai kututture da ƙura, da kuka tsirara, da yara masu tallar mangwaro a bakin ƙauyuka. Bayan an karkata hagu an bar babbar hanya, ba a yi nisa ba sai hayaƙi ya taso daga ƙarƙashin kujerar direba. Lagireto ya tafasa. Kowa ya sauka ya nemi inuwa, inuwar kuwa ba ta isa ba. Yaron mota ya juye 'yar galan ɗinsa, inji ya shanye, bai ƙoshi ba. Sai direba ya dubi jarkar da yarinya take zaune a kai.

Uwargida ta ce ina, wannan ruwan shan yara ne na yini guda. Gaskiyarta kuwa, gama mai mota ne ya kamata ya ɗauki ruwan motarsa. Amma Kaka ta ce, "'Yata, ba shi. Wurin ruwa za mu." Aka zuba fiye da rabi. Direba ya yi godiya da Fulatanci, babbar macen nan mai kifi kuma ta daɗe tana duban tsohuwar.

Rana ta kusa tsaka sa'ad da suka shiga Lagdo. Akwai masauki na baƙi da yake da nasa yashin a bakin ruwa, da kujeru da laima, amma ba a shiga da tukunyar shinkafa da wake. Sai suka bi masu kifi da ƙafa zuwa inda kwale-kwale suke tsayawa, suka ratsa wuraren bandar kifi da hayaƙinsu, da tarin ƙaya, da ƙudaje. Suka zaga wani dutse, sai ga shi.

Yaran suka tsaya cik. Babban, ɗan shekara goma sha huɗu, wanda ya yi ta nuna shi ya girmi irin wannan murna, bakinsa ya kasa rufuwa. Ruwa ne shimfiɗe har inda ya haɗu da hazo, babu gaɓa a ƙetare, sai tsibirai na manyan duwatsu baƙaƙe suna tsaye cikinsa. Iska mai sanyi tana tasowa daga kansa, irin wadda ba su ji ba tun watan Janairu. Auta ta ruga, ta durƙusa, ta ɗiba da hannu ta ɗanɗana kafin a hana ta. Ta juyo fuska a ɗaure ta ce, "Babu gishiri. Malama ta ce teku da gishiri." Uban ya rasa amsa. Yayarta ta ce ai gara haka, ba ya shiga ido. Bayan minti biyar ta manta da gardamar.

Tafkin nan aikin hannu ne. An fara ginin madatsar a 1977 aka gama a 1982, a zamanin Ahmadu Ahijo, wanda shi ma haifaffen Garwa ne. Injiniyoyin ƙasar Sin da ma'aikatan Kamaru suka toshe wata 'yar ƙofa tsakanin duwatsu inda Binuwai yake ratsawa, da bango mai tsawon mita 308 da tsayin mita 40. Ruwa ya taru a baya ya rufe ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 586. Injuna huɗu ne a ciki, in ruwa ya isa suna ba da megawat 72. A ƙasan madatsar aka buɗe gonakin shinkafa na ban ruwa, amma fadamun masakwa da yawa da suke dogara ga ambaliyar kowace shekara suka lalace. An shirya Nijeriya za ta gina tata madatsar a Dasin Hausa ta jihar Adamawa don ta tare rarar ruwan, amma har aka yi ambaliyar 2012 da ta 2022 ba a gama ta ba.

Mai walda bai san yawancin waɗannan ba, amma ya ga abu ɗaya da idonsa. A jikin kowane dutse akwai farin zane, sama da kan mutum nesa, inda ruwa ya saba tsayawa. Tsakanin zanen da ruwan yau akwai busasshen dutse da taɓo mai tsagewa. Ya daɗe yana kallo. Watanni ke nan yana zagin masu wuta a bakin shago, yau ga abin da ya hana injinsa tashi.

Wani dattijon masunci yana zaune a inuwar jirginsa yana ɗinkin koma. Da ya ji Hausa a bakin yaran sai ya ɗaga kai ya yi musu maraba, gama a bakin ruwan Lagdo Hausa ba baƙuwa ba ce. Mutumin Yawuri ne, ya zo yana saurayi 'yan shekaru bayan tafkin ya cika, lokacin da labarin kifinsa ya kai ko'ina, masunta suka yi ta zuwa daga Nijeriya da Cadi da Mali. Ya ce a kwanakin nan giwan ruwa sai mutum biyu su ɗauka, yanzu kuwa karfasa kamar tafin hannu ake rububi. Ya hana yaran shiga wajen ciyawa inda ruwa yake kwance, saboda tsargiya mai sa fitsarin jini, ya kuma nuna musu wani lungu da ba a zuwa saboda dorina. Ya kai su wani wuri mai tsabtar yashi inda ruwa bai wuce gwiwa ba.

Nan aka shimfiɗa tabarma aka ci abinci. Yara suka shiga da gajerun wanduna, suna ihu, suna watsa wa juna. Uwargida ta zauna nesa da gaɓa tana ƙirga kawunansu, ɗaya, biyu, uku, ta sāke farawa. Kaka ba ta ci da yawa ba. Ta kāre ido da hannu tana bin tsibiran ɗaya ɗaya. Can ta kira dattijon.

"Malam, akwai wani dutse mai lanƙwasa a tsakiya kamar sirdi. Ka san shi?"

"Na san shi, Inna. Tsibiri ne, muna shanya koma a kansa. Ba a ganinsa daga nan, sai an zaga. Ina kika san shi?"

"A gindinsa na yi aure."

Sai ta dubi ɗanta, ta kira sunansa yadda ta saba, ta ce tana so a kai ta.

Tafiyar rabin sa'a ce da inji, man fetur kuwa ba a samunsa kyauta. Dattijon ya faɗi kuɗin, bai tsawwala ba, amma ya fi abin da aka ware don kifi. In an biya, sai an taɓa kuɗin komawa. Ga rana ta karkata, ga maganar motar ƙarshe. Mai walda ya ja matarsa gefe. Mutum zai zaci ita za ta hana, ita da ta ƙi tafiyar tun farko, ta kuma yi faɗa a kan jarkar ruwa. Amma ta ce, "Shekara goma sha biyar ina gidan nan, ban taɓa ji Inna ta roƙi kome ba. Ka kai ta. Ni ina nan da 'yan matan."

Suka shiga su uku, da tsohuwar da ɗanta da babban jikanta. Jirgin ya yanki ruwa, gaɓa ta yi ta ƙanƙancewa. A wasu wurare kawunan matattun itatuwa sun leƙo, farare fat kamar ƙashi, tsuntsaye a kansu. Masuncin ya ce a shekarar cika ba a ganinsu, su ne masu yayyage musu koma. Da aka zaga wani tsibiri, sai ga dutsen, da lanƙwasarsa a tsakiya. Kaka ta ce ya bi ta gabas. Ya bi. Ta ce ya rage gudu. Ta dubi dutsen, ta dubi ruwa, ta sāke duban dutsen. Dā daga ƙasa take ganinsa, yanzu kuwa tana wajen ƙirjinsa, kome ya sāke. Ta ce watakila nan ne, watakila kuma gaba kaɗan. Masuncin ya kashe inji.

Shirun ya yi yawa, sai ƙarar ruwa a jikin katako. Ta fara magana ba ta duban kowa. Gidaje ba su fi ashirin ba. Suna noman masakwa a fadama in ruwa ya janye, mijinta yana taɓa su. Akwai tsamiya babba a bayan gidansu. Shekara guda kafin a tashe su ƙyanda ta shigo ƙauyen, ta ɗauki yara da dama, har da nata, namiji, ya fara tafiya ke nan. Babu fasto kusa, babu maƙabartar masu bi, saboda haka uban ya haƙa da kansa a gindin tsamiyar, ya karanta abin da ya iya. Da babbar mota ta zo kwashe su, aka ɗora azara da tukwane da turmi da kaji. Ta tsaya nan, ba ta ƙarasa ba.

Ba ta faɗi sunan yaron ba, ɗanta kuma bai tambaya ba. Yana zaune riƙe da gefen jirgi, yana jin yadda ta kira sunansa a gaɓa ɗazu, da yadda take kiransa tun yana yaro, a gaban kowa, ba kunya. Ashe ba shi ne ɗan farin ba.

Masuncin ya cire hularsa ya riƙe. Can ya ce a hankali, "Ashe gonarku muke ci, Inna, shekara da shekaru."

Ta ce, "Ku ci, Malam. Ba ku kuka kawo ruwan ba."

Ta sunkuya ta tsoma hannu har gwiwar hannu, ta bar shi ciki. Ba ta yi kuka ba. Ta yi addu'a gajeriya da muryar da ba a ji sosai, ta ambaci ranar tashin matattu, ɗanta da jikanta suka ce amin, masuncin ma ya ce amin. Ta shafa ruwan a fuska ta ce, "Ya isa. Mu koma, kada mota ta bar yara."

Sa'ad da gaɓa ta fara fitowa, yaron ya taɓa uban ya nuna masa. Ga uwargida can tsaye cikin ruwa har idon sawu, ta tattare zane da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da auta gam. Da ta ga jirgin ya matso sai ta fita da sauri ta koma tabarma, ba a kuwa yi maganar ba.

Dattijon ya karɓi kuɗin mai kaɗai, ya mayar da na wahalarsa, ya kuma ƙulla wa yara karfasa huɗu a igiyar kaba. Duk da haka lissafi bai cika ba. Suka isa tasha a guje, tsohuwa a bayan babur, suka tarar motar ƙarshe ta riga ta yi lodi, saura kujera biyu, kuɗinsu ma na uku ne da ƙyar. Mai walda ya tsaya yana juya takardun kuɗi a hannu kamar za su haihu. Kwana a Lagdo da tsohuwa da yara uku, ba masauki, ba sani, ba ƙaramin abu ba ne.

Babbar macen nan mai kifi ce ta fid da su. Ta gama sayayyarta, ta yi shatar wata a-kori-kura da 'yan'uwanta, ana ɗaure kwalaye. Ta ce mata da 'yan mata su shiga bas, maza biyu su hau bayan kifi, ba ta son ko dala. Da mai walda ya fara godiya sai ta katse shi, ta ce ba dominsa ba ne, domin mai jarkar ruwa ne.

Bas ta shiga Garwa da magariba. A-kori-kura kuwa sai da ta tsaya ɗaukar kaya a ƙauye biyu, ta yi faci sau ɗaya. Uwargida ta zauna a ƙofar gida da fitilar kwai har ƙarfe goma da rabi, ba ta amsa maganar kowa. Uban da ɗan suka yi tafiyar a kan kwalayen banda, iska tana dukansu, ba su yi magana da yawa ba. Daga kan gada suka ga rabin gari da haske, rabi cikin duhu, Yelwa tana cikin na duhun. Warin kifi bai bar rigunansu ba har bayan wanki biyu, washegari kuwa duk gidan suka yi ta gyangyaɗi a sujada.

Daren Litinin wuta ta zo wajen ƙarfe uku. Mai walda ya tashi ya tafi shago, babban yaron ya bi shi da tocila ba a kira shi ba, kafin a ɗauke ta da hantsi sun gama ƙofa biyu. Da safen nan auta ta tā da gidan da kuka. Ta cika kwalbar zoɓo da ruwan Lagdo don ta kai wa malamarta ta ɗanɗana ta ji babu gishiri, ga shi ta nema ta rasa. Yayarta ce ta gano ta a ɗakin Kaka, ƙarƙashin gado, kusa da akwatin ƙarfen da tsohuwar take ajiye zannuwanta, an ɗaure bakinta da tsumma. Ta miƙa hannu za ta ɗauko, sai uwarsu ta ce daga ƙofa, "Bar ta nan."